Jitar Auta a Hannun Kafinta

Duk unguwar babu mai kiran kafintan nan da sunansa na yanka. Sambal ake ce masa, domin tunda yake bai taɓa ganin abu a karkace ya wuce shi ba. In ya shiga gidan mutane gaisuwa, kafin ya zauna sai ya gyara hoton da ke bango. Tef ɗin awo kuwa a ƙugunsa yake yini. Kuma a faɗi gaskiya, in ana zancen ƙofa ko tebur, mutumin ya iya aikinsa. Ciwonsa guda ne: ya ɗauka duk abin da ke duniya, in ba ƙofa ba ne to tebur ne.

Abin da ya gagare shi daidaitawa shi ne ƙanin matarsa. Auta ya zo ne zai yi kwana uku, da jaka ɗaya da lasifika da jitarsa mai lantarki a cikin akwatinta. An ce baƙo raɓa ne, to wannan raɓar wata takwas ke nan rana na fitowa ba ta bushe ba. Doguwar kujerar falo, wadda Sambal ya ƙera da hannunsa don ya riƙa miƙe ƙafa in ya dawo aiki, ta zama gadon Auta da rumbun kayansa. Maigida sai dai ya rakuɓe a kan 'yar kujerar tsugunno a cikin falonsa. In ya yi ƙorafi matarsa ta ce, "Malam, ɗan uwana ne fa, ba kaya ba ne da za ka ajiye a waje."

Sai ga labari mai daɗi. Wani sabon otal yana neman makaɗan da za su riƙa nishaɗantar da baƙi, kuma duk wanda aka ɗauka za a ba shi ɗaki a can. Ranar Asabar da ƙarfe huɗu za a gwada masu nema. Da Sambal ya ji kalmar ɗaki, sai da ya sa aka maimaita masa. Rabonsa da son kiɗa irin na wannan makon har ya manta.

Ranar Alhamis da safe ya fito ya tarar da Auta ya rungume jita ya yi jugum.

"Lafiya, Auta? Ka zauna kamar wanda aka yi wa sata."

"Jitar ce, Yaya Sambal. Tsirkiya ta uku ce ke mini gardama. Saurara ka ji." Ya kaɗa ta a sake, sannan ya danna ta can tsakiya ya sake kaɗawa. "Ka ga ƙarafan nan da ke kwance a wuyanta? Na goma sha biyu shi ne rabin tsirkiya. In na danna a nan, ya kamata muryar ta zama irin ta farko, sai dai siririya, kamar uwa da 'yarta. To 'yar tana ɗan zarce uwar. Kaɗan ne, amma mai kunne zai ji."

Sambal bai ji komai ba. Amma ya gyaɗa kai ya ce, "Ai tun daga ɗaki na jiyo."

"Gyaran ba wuya. Kowace tsirkiya tana zaune a kan ɗan jakinta na ƙarfe a nan gindi, kowane jaki da sukurunsa. A ja na ukun baya kaɗan, shi ke nan. Sai dai sukurun ya yi tsatsa, ina tsoron in karya shi. Don Allah ka miƙa ta wurin mai gyaran kayan kiɗa, tunda a kan hanyarka yake. Ni zan tafi wurin abokina mai ganga mu yi atisaye da tsohuwar jitarsa, can zan kwana biyu. Ranar Asabar sai ka karɓo mini, mu haɗu a otal."

"An gama. Ka ɗauka ka samu aikin nan."

Da ya iso shagon mai gyaran kayan kiɗa, Sambal ya rage tafiya, ya dubi shagon, ya dubi akwatin da ke hannunsa. Sukuru ɗaya! Shi da ya ɗaure sukurun da in aka tara sai sun cika buhu, shi ne zai tsaya wani ya nuna masa yadda ake juya sukundireba? Ya yi tsaki ya wuce. Yana tafe yana hango ranar Asabar: Auta na kaɗawa, ana tafi, shi kuma ya miƙe a hankali ya sanar da jama'a hannun wa ya taɓa jitar.

Shagonsa yana tsakanin na tela da na mai aski, kuma su biyun ba su da aikin da ya fi leƙen abin da Sambal ke yi. Ya shimfiɗa jitar a kan teburin aiki, ya ɗiga wa sukurun man keken tela, ya jira kaɗan, ya juya. Sukuru ya tafi lafiya lau, jaki ya ja baya, ya kaɗa tsirkiyar muryarta ta fito daidai. Da ya tsaya a nan ya rufe akwati, da yanzu Auta na kwance a ɗakinsa na otal, mu kuma ba mu da labarin bayarwa.

Amma idonsa ya riga ya sauka a kan sauran jakunan. Shida ne, kuma babu biyun da suke layi ɗaya: wannan ya yi gaba, wancan ya noƙe, kamar haƙoran tsohon zarto.

"Kai! Ku zo ku ga aika-aika," in ji Sambal. "Yaro yana neman ciwo a tsirkiya ɗaya, ashe gidan ne duk a karkace."

Tela ya leƙo da allura a baki. "Anya ba da gangan aka yi su haka ba? Na ga wayoyin ma wata ta fi wata kauri."

"Da gangan? Kai in ka ɗinka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, da gangan kake cewa?"

"Ni in mai wandon ya ce gwiwa kawai zan faci, ba na taɓa masa ƙugu."

"Shi ya sa har yau kake tela."

Ya ɗora rula, ya bi sukurun nan ɗaya bayan ɗaya har jakuna shida suka jeru reras. Mai aski ya jawo babbar lasifikar shagonsa aka jona. Sambal ya danna ƙarfe na goma sha biyu kamar yadda ya ga Auta ya yi, ya kaɗa. Wannan karon har shi ya ji. Ba 'ya ɗaya ce ta saɓa wa uwarta ba, kusan duk gidan ne ya rikice.

Mai aski ya ce, "Ɗazu kamar ta fi daɗi."

"Ɗazu ciwon a ɓoye yake, yanzu na fito da shi fili. Haka likita ke yi."

Ya ɗaga jitar ya kanne ido ɗaya, ya hango wuyan tun daga kai har gindi yadda yake duba katako. Sai ya ga wuyan ya ɗan lanƙwasa, lanƙwasar da ba ta wuce kaurin farce ba. Masu jita sun san ana barin ta ne don tsirkiya ta sami wurin rawa. Sambal kuwa gani ya yi an ci mutuncin katako. Ya bincika har ya gano wani noti a ɓoye a ƙarƙashin ɗan murfi a kan jitar, ya ga in ya juya shi wuyan na miƙewa. Murna ta kama shi. Ya juya, ya duba, ya juya, ya duba, har sai da wani abu a ciki ya ce ƙas.

"Mene ne wannan?" in ji tela.

"Ya zauna ke nan."

Wuya dai ya miƙe, amma tsirkiyoyin sun kwanta a kan ƙarafa, in an kaɗa sai su yi zizz kamar ƙuda a kwalba. Wani da ake yi wa aski ya ɗago kai da rabin gashi ya tambaya ko lasifikar ce ta ƙone. Sambal bai kula shi ba. Ya fere 'yan siraran katako ya cusa a ƙarƙashin jakunan, tsirkiya ta ɗago, ƙuda ya yi shiru. Sai dai muryar tana nan a hargitse. Ya koma gida ranar yana tunani, har matarsa ta tambaye shi ko kansa ke ciwo.

Washegari ya zo da shawarar da ba ta taɓa ba shi kunya ba: in abu ya ƙi, a auna shi. Ya zaro tef ya ɗora tsakanin ƙarfe na ɗaya da na biyu. Ya matsa tsakanin na biyu da na uku. Ya tsaya. Ya sake aunawa. Ya bi su har ƙasa, yana tafe tazarar na raguwa, har ta ƙarshe ba ta kai rabin ta farko ba. Ya saki tef ɗin ya koma cikin gidansa da ƙara, ya dafe kai.

"Sun cuci yaron nan! Shekara da shekaru yana fama, ashe ba laifinsa ba ne. Ku duba, sun fara da yalwa, da suka ga katako zai ƙare sai suka yi ta matse su. Aikin 'yan koyo!"

Tela ya ce, "Sambal, duk jitar da na taɓa gani a talabijin haka take."

"To duk a karkace suke. Ƙarya in ta yi yawa gaskiya take zama? Ka taɓa ganin matakalar bene wadda taki na farko ya yi kamu biyu, na ƙarshe ya yi yatsa biyu? Ai sai mutum ya karye."

"Yatsa ne ke hawa nan, ba ƙafa ba."

"Yatsan ba jikin mutum ba ne?"

Mai aski ya ajiye almakashi ya ce, "Ni dai ina jiye maka garin neman gira a rasa ido."

"Kai ka san gira, ni na san katako. Kowa ya tsaya a shagonsa."

Ya kwance tsirkiyoyin, ya ɗauko filaya. Ƙarafa ashirin da biyu ne, ya bi su yana tumɓukewa yana jefawa a gwangwani. Ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe tsofaffin ramukan, ya goge da sanfefa. Sannan ya raba tsawon wuyan kashi-kashi daidai wa daida, ya ja layi da fensir, ya sa siririn zarto. Aiki ne mai tsafta, wannan ba a hana shi ba. Wanda bai san jita ba, in ya gani sai ya yaba.

Yana tsakiyar yanka ya hango matarsa tafe da kwanon abincinsa. Ya fizgo wata ƙofa da bai gama ba ya kifa a kan teburin, ya jingina da ita yana fito.

"Malam, ka kai jitar kuwa? Auta ya bugo yana tambaya."

"Tana hannun gwani."

Tela ya sarƙe da tari, har sai da mai aski ya buga masa baya. Matar ta dube su, ta dubi gwangwanin da ke ƙasa.

"Waɗannan 'yan ƙarafan fa?"

"Ƙusoshi ne na zamani. Ba su da kai."

"Malam, ka dube ni. Yaron nan ba shi da komai a duniya sai jitar nan. Tun yana makaranta yake tare da ita."

"Haba, ke kuwa. Duk gidan nan akwai wanda ya kai ni son ya samu aikin nan?"

Wannan kam gaskiya ce, ita ma ta sani, don haka ta ajiye kwano ta tafi. Da ya zo mayar da ƙarafa sai ya ga ashirin da ɗaya. Aka share shago, aka zazzage garin katako, babu. Ya shiga shagon tela ya ɗauko wata tsohuwar lema, ya yanko wayarta ya cike gurbin. Ramukan zarton sun fi ƙarafan faɗi, don haka ya dambara musu gam son ransa.

Ranar Asabar gam ya ce bai san zancen ba. Da ƙarfe biyu na rana ya taɓa, danƙo. Da ƙarfe uku ya sake taɓawa, danƙo. Ya aro injin busar da gashi na mai aski ya tsaya yana hura wa jita iska mai zafi kamar amaryar da za a kai biki. Waya kuwa sai ruri take.

"Yaya Sambal, kana ina? An fara kiran mutane!"

"Ga ni nan tafe. Ka shirya ganin abin mamaki."

Ya mayar da tsirkiyoyi, ya rufe akwati, ya saka rigarsa mai kyau. Ya ce wa tela da mai aski su rufe shago su biyo shi, don gobe kada wani ya ce ba a gabansa aka yi ba. Ba su yi musu ba, irin wannan kallon ba a ba da saƙonsa.

A lambun otal aka jera kujeru. Baƙi na shan shayi, ma'aikata sun tsaya a gefe, manaja na zaune a gaba da takarda yana duban agogo. Ƙungiya biyu sun riga sun yi nasu. Auta na tsaye a kan dandamali hannu rabbana, gumi ya jiƙa masa riga, mai ganga na bayansa ya ɗaga sanduna. Matar Sambal, yayar Auta, tana layi na biyu tana ta waige.

Sambal ya ratso tsakiyar jama'a da akwati a kafaɗa. Bai miƙa ba sai da ya hau dandamali ya kama makirufo.

"Jama'a, a gafarce ni, minti ɗaya. Jitar da za ku ji yanzu ta zo daga kamfani da aibu guda uku. Ni na gano su, ni na gyara, da hannun nan. Sambal kafinta, shagona na tsakanin tela da mai aski, ga su can, shaidu ne."

Shaidu suka sunkuyar da kai. Matar Sambal ta ɗora hannu a ƙirji.

Auta ya fizgi jitar ya rataya, ya jona waya, ya murɗa kunnuwanta cikin sauri har tsirkiyoyi shida suka yi daidai a sake. Sambal ya waiwayi tela ya ɗaga gira. Sai a lokacin Auta ya kai ido kan wuyan. Ya ƙifta ido, ya sake dubawa. Ya buɗe baki zai yi magana, manaja ya tafa hannu ya ce, "Muna jira." Mai ganga ya buga sanduna sau huɗu ya shiga.

Yatsun Auta suka tafi inda suka saba zuwa shekara goma sha ɗaya, suka tarar an tashi unguwar. Abin da ya fito daga lasifika ba shi da suna. Wata mata ta ajiye kofinta ta toshe wa ɗanta kunne. Auta ya matsa sama yana laluben muryar, ta gudu ƙasa. Ya biyo ta ƙasa, ta ɓace gaba ɗaya. Mai ganga ya ƙara ƙarfi ko zai rufe asiri, abin ya zama kamar ana korar akuya da gwangwani. Zafin rana da na hannu suka narka gam, yatsan Auta ya manne a ƙarfe na biyar, da ya fizge sai ƙarfen ya biyo shi. Na bakwai ya zame ya faɗi a dandamali. Wayar lema kuwa, da ya ja tsirkiya a kanta, sai ta yi tsalle ta wuce kan layin gaba ta faɗa cikin shayin manaja.

Ganga ta yi shiru. Manaja ya sa cokali ya tsamo wayar ya ɗaga ta sama.

"Wannan a cikin waƙar take?"

Dariya ta ɓarke. Wani dattijo daga cikin makaɗan da suka riga suka yi ya matso ya karɓi jitar, ya dubi wuyan, ya cire tabarau ya goge ya sake duba. Ya kira abokansa. Kafin ka ce kwabo an kewaye ta ana ɗaukar hoto.

"Wa ya yi wannan?" in ji dattijon.

"Ai ya faɗa da bakinsa," in ji mai aski.

Sambal ya sake hawa dandamali a fusace ya zaro tef. "Kada a yi mini sharri! A auna! Ga na ɗaya, ga na biyu, ga na goma. Wanda ya sami bambancin gashi ɗaya, na daina kafinta. Ranka ya daɗe, zo ka gani da idonka."

Manaja ya ce, "Na yarda, malam, daidai suke. Masu bi, ku hau."

Auta bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi wa Sambal sauƙi. Ya durƙusa ya tsince ƙarafan da suka zube ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu, ya shafa wuyan jitar da bayan hannu, ya kwantar da ita a akwati. Idonsa ya cika da hawaye. Sambal na tsaye da tef a hannu, sai ya ji kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Auta, ka ga, in aka ba gam ɗin kwana biyu..." Matarsa ta dube shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran.

Haka aka kamo hanyar gida a jere: matar a gaba, Auta da akwatinsa, Sambal a baya ɗauke da lasifikar Auta a ka. Sai da suka shigo layinsu ya lura akwai mai bin su. Mai ganga ne, da ganguna a baya da ƙatuwar jaka a hannu.

"Shi wannan ina za shi?"

"Gidanka," in ji matar ba ta ko waiwayo ba. "Jiya ya mayar wa mai gidan da yake haya mabuɗi, saboda ɗakin otal. Ba shi da wurin kwana."

"To a ina zai..."

"Kai ne kafinta, Malam. Gobe ka fitar da kujerar nan ka ƙera gado a falo."

Sambal ya tsaya a ƙofar gida da lasifika a ka. Auta ya zo wucewa ta gabansa, ya ɗan dakata, ya yi magana a karon farko tun daga otal, cikin ladabi kamar kullum.

"Mai hawa biyu, Yaya Sambal. Kuma ka sa katako mai ƙwari, za mu daɗe."